Sunayen Aro a Aji Ɗaya

Litinin, 14 ga Satumba 1953, bayan la'asar

Yau shekara uku da wata huɗu rabona da gida. A cikin kwalekwalen da ya kawo ni na ƙirga, don ba ni da aikin yi sai ƙirga da kwashe ruwa da ƙwarya. Daga Haɗeja zuwa nan hanya ta nutse, kogi ya ci fadama, bishiyoyi sun tsaya cikin ruwa har wuya.

Wannan ce makaranta ta uku da En'e ta jefa ni. Ni Filibus, mutumin ƙasar Zazzau, duk inda malamai suka ƙi, nan ne rabona.

Hedimasta, Malam Abdulwahid, ya tarbe ni da fura. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malam, an ce kai Kirista ne."

Na ce, "An faɗi gaskiya."

"To, ba komai. Ka koyar da baƙi da wasali da lissafi. Sauran ka bar wa masu gari."

Ya miƙo mini alli da rajistar aji ɗaya. Yara talatin da ɗaya.

Talata, 15 ga wata, da azahar

Ajin nan kamar ranar kasuwa. Ga Hausawa, ga Mangawa, ga 'ya'yan Badawa masunta, ga Fulani uku da ke warin nono da hayaƙi, ga ɗan wani Bayarabe mai sayen banda. Babbansu bai wuce shekara takwas ba. Rabinsu Hausar tasu ba ta wuce "to" da "ban sani ba". Na ce a zana A, wani ya zana mini kifi, har da gashin baki. Tarwaɗa ce, kuma ta yi kama.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Na kira Barira sau uku, shiru, sai da ta kusa da ita ta zungure ta, sannan wata 'yar siririya ta zabura ta ce na'am. Na kira Haruna, mai zanen kifi ya waiga baya tukuna, kamar yana neman wani.

Alhamis, 17 ga wata, da hantsi

Lokacin kalaci na zauna gindin tsamiya ina jin wasansu. Ba wanda ya kira Barira. Yakaka suke ce mata. Haruna kuwa Shu'ibu ne.

Na kira wata mai surutu, 'Yar'azumi, wadda ba a taɓa rasa ta a bakin magana. Na ce, "Ke, me ya sa kuke ce masa Shu'ibu?"

"Malam, ai sunansa ke nan."

"Haruna fa?"

"Haruna na makaranta ne. Harunan gaske yana gidan Bulama, ya fi wannan ƙiba." Ta ƙara da cewa, "Ni ma Talatu ce a littafinka. Amma ba na son Talatun gaske, Malam, ta cije ni rannan."

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Na tambayi Malam Abdulwahid. Ya daɗe yana gyara zaman hularsa, sannan ya faɗa mini. En'e kan aiko wa Bulama Zarami, mai garin nan, sunayen yaran da za a kai boko, kuma daga gidajen manya ake farawa. Manya ba sa so. Sai a ɗauko ɗan baƙo, ɗan masunci, ɗan ruga, a ce daga yau in an kira wane ka amsa.

Na ce, "To, ai yaran sun ci riba, su ke karatun."

Ya ce, "Da haka ne da sauƙi. Bara waccan wani yaro ya gama aji huɗu da sunan ɗan ƙanen Bulama. Ya ci jarrabawa. Da aikin malamin kasuwa ya fito, mai suna ya ɗauki takarda ya tafi. Mai karatu yana can kogi kan gora yana jefa homa."

"Kana kallo?"

"Ina da iyali a garin nan, Malam Filibus. Kai kana da akwati."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Ya ce tsakiyar watan gobe mai duba makarantu zai zo ya kwafe rajistar aji ɗaya cikin babban littafi na Haɗeja. Abin da ya shiga can ya shiga ke nan.

Wata guda ke gare ni.

Asabar, 19 ga wata, da azahar

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha huɗu ne masu sunan aro.

Lahadi, 20 ga wata, da sassafe

Nan Lahadi ranar aiki ce. Na karanta Zabura ni kaɗai kafin a buga ƙarfe, na yi waƙa ɗaya ƙasa-ƙasa. Ba don tsoro ba. Muryar ce ba daɗi.

Laraba, 23 ga wata, bayan la'asar

Kwana uku ina kiran kowa da sunansa na gida. Abin mamaki, ajin ya canza. Yakaka, wadda na ɗauka kurma ce, ashe ita ce ke fassara wa Mangawa ƙanana duk abin da na faɗa. Ta koya mini "wushe", wato sannu da yarensu, ta ce bakina kamar na mai cin tuwo da zafi. Buba, babban cikin Fulanin, bai taɓa ɗaga ido ba, amma da na ce shanu bakwai, kura ta kama biyu, kafin in rufe baki ya ce, "Biyar. Amma mai kiwon rago ne."

Shu'ibu ya riga kowa. Baƙaƙe goma sha ɗaya a kwana uku. Na rubuta masa sunansa a allo, ya kalla ya kalla, ya ce, "Malam, wannan duk ni ne?"

Na ce duk shi ne. Ya ƙi gogewa har aka tashi.

Na fara shiga unguwanni da littafi, ina tambayar cikakken sunan kowane yaro da na ubansa. Muhammadu uku ne a ajin, biyu ubanninsu ma suna ɗaya, don haka na tambayi sunan iyayensu mata, in bambanta.

Jumma'a, 25 ga wata, da hantsi

Iya Gumsu, kakar Yakaka, ita ke kawo mini tuwo. Yau ta dire kwano da ƙarfi har miya ta zuba.

"Malam, kai Bahaushe ne ko kuwa Turawa ne suka ƙera ka?"

"Iya, me na yi?"

"Wa ke bin gida-gida yana neman sunan yaro da na uwarsa, in ba mai haɗa asiri ba? Har ka tsaya gaban mace ka ce ta faɗi sunan ɗanta na fari! A garinku ba kunya?"

A garinmu akwai kunya. Uwata har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Na sani sarai, kuma na san abin da boka ke fara tambaya. Shekarun da na yi a makarantar mishan, inda ake cika takarda a kan komai, su suka mantar da ni abin da kowace tsohuwa ta sani. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Na rubuta shi nan don kada gobe in ɗora wa wani.

Litinin, 28 ga wata, da azahar

Yara goma sha tara suka zo.

Talata, 29 ga wata, da azahar

Goma sha biyu. Magana ta zama biyu a gari. Wasu sun ce ina tara sunaye in kai wa aljanun Turawa. Wasu sun ce ina sake wa yara suna yadda 'yan mishan ke yi, saura in tsoma su a kogi.

Ta biyun ba zan yi mata dariya ba. Tanko aka raɗa mini. Ina da shekara goma sha biyu aka zuba mini ruwa aka ce Filibus. Da sona aka yi, kuma ban yi nadama ba, amma na ga fuskar ubana a ranar. Mutanen nan ba mahaukata ba ne. Sun ji labari, labarin kuma ya faru a wasu wurare. Abin haushin shi ne, ni da nake ƙoƙarin mayar wa yara sunan da aka yanka musu rago, ni ne mai sauya suna. Wanda ya sauya kuwa yana zaure ana kwasar gaisuwa.

Ba zan daina ba.

Alhamis, 1 ga Oktoba, da asuba

Abin da na tarar a bakin ƙofata ba zan rubuta shi ba. Na kwashe, na wanke, na tafi aji.

Asabar, 3 ga wata, bayan la'asar

Bulama ya aiko a kira ni. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, ya ba ni goro. Ba mugun fuska gare shi ba, gajiyayye ne kamar ni.

Ya ce, "Malam, kai baƙo ne. Ni in ban cika adadi ba, Hakimi ya ci mutuncina. In na kama 'ya'yan manya, gari ya juya mini baya. Na samo hanyar da kowa ke barci. Kai me ya dame ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka bar yaran da ka kawo, ban ce a kawo naka ba. A rubuta su da sunansu kawai."

"In aka rubuta, Haɗeja za ta tambaya ina waɗanda ta aiko a kawo."

"Sai a faɗa mata."

Ya yi murmushi. "Malamin da ya gabace ka ya shekara biyar a nan. Da tumaki ya tafi."

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ba ni da turke."

Ya ce a raka ni. Ba wanda ya tashi.

Litinin, 5 ga wata, da hantsi

Littafin da na tara sunaye ya ɓace daga aji. Makullin biyu ne, ɗaya yana wuyana. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Mutumin yana da iyali.

Na zaunar da yaran da suka rage, su tara, na ce su tuna mini. Kafin kalaci mun mayar da duka. 'Yar'azumi kaɗai ta kawo rabi, har da wanda ba a tambaye ta ba: wa ke fitsarin kwance, uban wa ya saki uwar wa.

Laraba, 7 ga wata, bayan la'asar

Na bi tudu na je rugar su Buba, ba littafi a hannuna. Uban, Jauro, ya ba ni nono, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Mallum, ka san jangali?"

Na ce na sani.

"Duk saniyar da ta shiga littafin Bature ta zama rabi tasa. Lokacin yaƙi, da littafi aka zo ɗibar samari. In sun zo neman wanda ke littafi, ɗan Liman mai sunan za su nema, ba nawa ba. Wannan sunan aro, rumfa ce."

Ban taɓa duban abin ta nan ba. Na ce, "Rumfa ce yau. Ran da yaron ya ci jarrabawa, mai rumfa zai zo ya ce a tashi."

Ya ce, "Allah ya kai mu ranar." Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Mutumin kirki ne. Na dawo da ƙaya a ƙafa da baƙin ciki.

Jumma'a, 9 ga wata, da azahar

Takarda daga gida. Matata Hannatu ta ce rufin ɗaki ya zube, yarinya ta fara tafiya makarantar mishan, tana tambaya ko babanta dogo ne. Ba zan amsa yau ba.

Lahadi, 11 ga wata, da magariba

Iya Gumsu ta dawo da kawo tuwo, bayan kwana goma sha biyar ina dafa wake da kaina. Ta zauna a dokin ƙofa.

"Yakaka ta hana ni sakat. Wai ita ba Barira ba ce. Ta rubuta wani abu a bangon ɗakina da gawayi, wai ita ce. To, faɗa mini tsakaninka da Allahnka. Za ka tsoma ta a ruwa?"

"Iya, wallahi ko alwalarta ba zan taɓa ba."

"Kirista ma yana wallahi?"

"Allah ɗaya ne ya yi mu, Iya."

"Wannan kuma ku da malamai. Sunan uwata ne yarinyar ke ɗauke da shi. Ban yi renon uwata don ta zama baiwar takardar wata ba. Yaushe mutumin Haɗeja zai zo?"

Talata, 13 ga wata, da hantsi

Goma sha shida yau. Ban tambayi dalili ba. Na ga dai Iya ta shiga gidaje da yawa jiya.

Alhamis, 15 ga wata, bayan la'asar

Malam Sa'idu, mai duba makarantu, ya iso da kwalekwale. Da takardar ƙara a aljihunsa, an rubuta a kaina. Ya bar ni na karanta. Na gane rubutun. Shi ke nan.

Ya saurari kowa, ya ce shi ba alƙali ba ne. Hukuncinsa: gobe bayan an sauko daga masallaci, duk uban da ya zo ya faɗi sunan ɗansa da bakinsa a gabansa, Bulama yana zaune, zai rubuta. Wanda bai zo ba, abin da ke rajista ya zauna.

Na ce, "A gaban Bulama? Wa zai iya?"

Ya ce, "Malam Filibus, iyakar abin da zan iya ke nan. Kai kuma, ko an zo ko ba a zo ba, ka fara ɗaure kaya."

Na ce kayana ba su taɓa kwancewa ba.

Jumma'a, 16 ga wata, da magariba

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

An sa tebur gindin tsamiya. Bulama a kujera, mutanensa a ƙasa. Yara a jere. Iyaye can nesa, kowa yana duban ƙafarsa. Malam Sa'idu ya kira Barira. Shiru. Ya ɗaga alƙalami.

Sai ga Iya Gumsu da sandarta. "Dakata, ɗan nan. Wannan Yakaka ce, 'yar Ari, jikata. Ubanta ya rasu, ni ce uban." Ta juya wajen Bulama. "Zarami, ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi kamun kifi. Ka ce ƙarya nake."

Bulama ya ce, "Iya, wa ya isa."

Aka rubuta. Ta dangwala yatsa, ta goge tawadar a zaninta. Maimakon ta koma, sai ta hango Jauro a bayan taro, ya dogara da sanda, ƙafa ɗaya a kan gwiwa. Barebari da Fulani abokan wasa ne, ba a fushi.

"Kai, bawana! Ka baro shanu ka zo kallo? Ko tsoron alƙalami ne? Na san Bafulatani, zaki ba ya korarsa, amma ya ga takarda sai daji."

Taro ya fashe da dariya. Jauro ya ce, "Ke tsohuwar Barebari, yaushe baiwa ta fara kiran ubangijinta?" Amma ya tako. Ya tsaya gaban tebur. Malam Sa'idu ya ce ya faɗi sunan yaron. Ya kasa, ɗan fari ne. Ya nuna shi da sanda, ya kau da kai, ya ce, "Kai, faɗa masa."

"Buba," in ji yaron, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Malam Sa'idu ya dube ni, ya dubi Bulama, ya ce, "Na ji daga bakin gidan." Ya rubuta.

Daga nan wasu suka samu ƙafa. Uban 'Yar'azumi ya zo ya fara, ita ta ƙarasa masa maganar. Bulama yana dai kallon kowa, yana ajiyewa.

Sai aka kira Haruna.

Uban Shu'ibu ya fito. Babade ne, baƙo, kuma tabkin da yake kamun kifi da izinin Bulama yake shiga. Na yi zaton ba zai zo ba. Da bai zo ba da ya fi. Ya durƙusa, ya gai da Bulama, ya gai da Malam Sa'idu.

"Wannan ɗanka ne?"

"Ɗana ne."

"Sunansa?"

Ya dubi ƙasa. "Yadda aka rubuta."

Na ce, "Malam, ka faɗa da bakinka."

Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a idonsa. "Haruna ne."

Yaron yana riƙe da allonsa. Bai yi kuka ba. Ya juya allon ya kifa a cinyarsa.

Ban ga laifin uban ba. Baki bakwai yake ciyarwa daga ruwan nan. Na faɗa wa kaina haka sau goma tun la'asar, har yanzu bai shiga ba.

Asabar, 17 ga wata, da azahar

Na yi kiran suna daga sabuwar rajista. Da na iso wurin, na ce Shu'ibu. Malam Abdulwahid yana bakin taga, ya ji. Ya wuce.

Yaron bai amsa ba. Na sake kira. Ya ce, "Baba ya ce in daina."

Na ce, "To. Zo ka yi mana lissafin nan." Ya zo, ya yi daidai.

Litinin, 19 ga wata, da asuba

Takardar ta zo tun jiya. An mayar da ni wata makaranta wajen Miga, wai don zaman lafiya. Ta huɗu ke nan. Su je su tambaya ko can ma akwai rajista.

Malam Abdulwahid ya zo sallama. Ya ce, "Ka yafe ni." Na ce na yafe, kuma ina ƙoƙari. Ya ce shi zai riƙe ajin kafin a turo wani, kuma abin da ya shiga littafin Haɗeja ba mai iya fitar da shi, ko Bulama. Wannan na yarda da shi.

Mai kwalekwale yana kira. Ga abin da na tsira da shi.

Masu sunan aro goma sha huɗu na tarar. Biyu an janye su, ba su dawo ba. Huɗu suna nan da sunan wasu, Shu'ibu a cikinsu. Takwas sun shiga babban littafi da sunan da iyayensu suka raɗa musu: Yakaka, Buba, 'Yar'azumi, Fanna, Ari ƙarami, Muhammadu biyu, da Gumsu 'yar mai gishiri.

Takwas.